In-ji-Fasto

Ni ba fasto ba ne, ban taɓa zama a makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Tela ne ni, da shagona a Yamai. Amma daga 2004 na yi shekaru ina tsayawa a gefen mumbari kowace Lahadi, Baba Fasto yana wa'azi da Faransanci, ni ina juyawa da Hausa. Har yau yaran majami'armu In-ji-Fasto suke kirana, kuma da yawansu ba su san mafarin sunan ba. Shi nake so in ba da shaida a kansa.

Ba'adare ne ni, daga wani ƙauye kusa da Galmi a jihar Tawa, ƙasar albasa. Kafin a haife ni, an ɗora mahaifina a kan jaki an kai shi asibitin mishan na Galmi, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, da gyambon da ya kusa cinye masa ƙafa. Ya daɗe a kwance. Da ya fito, ya fito da ƙafarsa, da ɗan karatun boko da wani mai bishara ya koya masa a bakin gado, da kuma Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassara, ta 1932. Da bangon ya mutu sai ya kai wa baduku ya yi masa riga da jar fatar akuya. Gidanmu kaɗai ne na Kirista a ƙauyen. Ƴan mishan ake ce mana, wani lokaci da wasa, wani lokaci ba da wasa ba, amma ban taɓa ganin Sallar layya ta wuce baffannina ba su aiko mana da nama ba. Da dare mahaifina yakan zauna kusa da fitilar ƙwai yana bin layi da ɗan yatsa, yana karantawa a hankali kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu.

Na yi lakwal har na shiga kwaleji a Tawa. Ina aji na uku ya rasu, karatu ya tsaya, na koma koyon ɗinki. Sa'o'ina duk sun tafi cin rani, wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu Libiya, kamar yadda Adarawa suka saba. Ni ƙafata a Yamai ta tsaya, a 1999, da keken Butterfly ɗaya da Littafin mahaifina a cikin jaka.

Baba Fasto Bagurme ne daga wajen Makalondi. Yana da Gurmanci da Zabarmanci da Faransanci, amma Hausarsa ta cefane ce kawai, alhali rabin ikilisiyar Hausawa ne daga Maraɗi da Dogon Dutsi da Adar. Ranar da tafintansa ya kwanta ciwo aka tura ni gaba, shi ke nan ban sake komawa benci ba sai da Baba ya yi ritaya. Duk Asabar da la'asar yakan zo shagona a kan tsohon babur ɗinsa da wa'azin gobe rubuce a littafin ƴan lakwal, mu bi shi layi-layi ina ɗinki. Shi mai dogon zance ne, ni nake yanka shi guntu-guntu. In ya ɗaga murya in ɗaga, in ya buga mumbari in buga iska. In ya yi barkwancin da ba zai ba Bahaushe dariya ba, sai in jefa karin magana a madadinsa, majami'a ta ɗauki dariya, ya dube ni ta gefen ido yana mamakin yadda barkwancinsa ya yi ƙarfi haka. Matan zumunta sukan ce wa'azin Malam tela ya fi na Fasto gishiri. Ina nuna kamar ban ji ba, amma ina jin daɗi har cikin raina.

Gaskiyar ita ce indararo na zama. Duk ruwan da ya sauka a kan soro ta kansa yake bi, ya zuba wa na ƙasa, shi bai sha ko ɗigo ba. Shekara goma sha ɗaya maganar Allah tana bi ta bakina, hankalina yana kan neman kalmar da za ta zauna daidai, ba a kan abin da kalmar take nema a wurina ba.

Akwai yaro a shagona. Ubansa mai shayi ne a bakin layinmu, Ba'adare ɗan'uwana daga wajen Buza, Musulmi. Ya kawo mini shi yana da shekara goma sha biyu, ya ce, “Ga amana nan, Malam.” Daga shara da hura gawayin guga ya fara, ya kai ga kalmasa, ya kai ga yanka shadda ba tare da na tsaya a kansa ba. Kwano ɗaya yake ci da ƴaƴana. In an kira salla ni ke ce masa ya tashi, ran Jumma'a kuwa tun sha biyu nake sallamarsa. Majami'armu ma ba baƙuwa ba ce a wurinsa. A bayanta akwai ɗan ɗaki inda nake koya wa gwauraye mata ɗinki ran Talata da Alhamis, da kekuna huɗu: uku zumuntar mata ta saya da adashe, na huɗun Butterfly ɗina na farko. Shi ne ya ɗauko su a kansa ya jera su, shi ke zuwa ya sa musu mai.

A farkon Janairun 2015 muka riƙa ji a rediyo an kai hari a ofishin jaridar Charlie Hebdo a Paris, an kashe mutane. Ran 11 ga wata Shugaba Mahamadu Isufu yana cikin shugabannin da suka yi tattaki a can, bayan kwana uku kuma jaridar ta sake fito da zanen da ya taɓa Annabin Musulmi. Babu Kiristan da na sani da ya ji daɗin zanen nan. Ba mu muka zana ba, ba mu taɓa ganin jaridar ba. Amma a idon wasu, coci da Faransa uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko da kuwa bishara ta shigo Damagaram tun 1924, kuma wasu cikinmu jikokin masu bi ne. Ran Jumma'a 16 ga wata aka ƙona majami'u a Damagaram. Muka ce Yamai ba za a yi ba. Washegari Asabar aka yi.

Tun da hantsi hayaƙin taya ya haɗu da hazon hunturu. Wani Alhaji maƙwabcinmu, da ba mu wuce gaisuwa da shi ba, ya aiko uwargidansa ta kwashe matata da yara zuwa cikin gidansa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofa ya zauna da carbinsa. Ya ce ni ma in shiga. Na ƙi ji. Littafin mahaifina yana cikin aljihun mumbari, don a nan nake barinsa.

Ban isa ba. Daga tsallaken hanya na tsaya, a bayan buhunan wani mai gawayi. Masu zanga-zanga sun tara bencina a tsakiyar majami'a, ana miƙa musu fetur na kwalba ta taga. Yawancinsu yara ne, wasu ba su fi ɗana na fari ba. Ɗakin ɗinkin yana lungu, baƙo ba zai san da shi ba, har na fara cewa a raina watakila ya tsira. Sai na ga mutum uku sun zagaya, da na huɗu a gabansu yana nuna musu ƙofa. Rigar jikinsa na fara ganewa kafin fuskarsa, shuɗiyar shadda, ni na yanka masa ita a Sallar layya. Da ɗan gari akan ci gari. Ya juyo, idonmu ya haɗu. Ya sunkuyar da kai ya shige cikin taro.

Daga baya ƴan sanda suka ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai, ban da mashaya da otal-otal. Mutum goma suka mutu tsakanin Damagaram da Yamai, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Gidan Baba Fasto da ke manne da majami'a ya tafi ƙurmus, da kayan jikinsu kaɗai suka fita.

Ran Lahadi muka taru a tsakar gidan wani dattijon ikilisiya, a kan tabarmi, ƙofa a kulle. Mu da muke cika majami'a har waje, ranar ba mu fi arba'in ba. Babu ganga, matan zumunta ba su zo da tukunya da caki ba, waƙa ma ƙasa-ƙasa aka yi ta kamar a gidan rasuwa. Baba Fasto ya ari Littafi ya karanta Ibraniyawa 10:34, inda ake tuna wa masu bi yadda suka karɓi washe dukiyarsu da farin ciki, don sun san suna da wadda ta fi ta, mai dawwama. Na juya, muryata ba ta yi rawa ba. Sai ya rufe Littafin ya ce, “Nous pardonnons.” Wato mun yafe.

Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Shuɗiyar shadda kawai nake gani. Na ce, “Mun yi haƙuri.”

Ya maimaita. Na ce, “Mun yi haƙuri, mun bar wa Allah.” Jama'a suka ce amin.

Duk Bahaushe ya san abin da na yi. Haƙuri haɗiyewa ne, bashin yana nan a rubuce, ka dai daina zuwa ƙofar mutum. Wanda ya ce ya bar wa Allah kuwa ƙara ya kai, bai janye komai ba, tazararsa da “Allah ya isa” taku ɗaya ce. Yafewa ita ce ka yage takardar. Ni tela ne, ina da littafin bashi, na san bambancin wanda na gaji da bi da wanda na soke sunansa. Tsohuwar fassarar mahaifina ma, a Addu'ar Ubangiji, basusuwa take cewa.

Ran Litinin da magariba na ji ƙarar babur a ƙofar shago. Baba Fasto ne, cikin rigar aro da hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, da burodi biyu a leda. Ya zauna a kan kujerar yaron. Na haɗa shayi, muka sha na fari, muka sha na biyu, bai ce komai ba sai tambayar yara da mai ɗakina. Can ya miƙe ya ce in gwada shi, riga biyu yake so, zai biya ƙarshen wata. Ina riƙe da ma'auni a kafaɗarsa, ya juya mini baya, sai ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa, “Ɗana, Hausa nawa kaɗan ne. Amma haƙuri na san shi. Kullum shi ake ba ni a kasuwa.”

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na gaya masa komai, abin da ko matata ban gaya wa ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, “Ya gan ka?” Na ce ya gan ni. Ya ce, “Ya nuna ka?” Na yi shiru. Tambayar ta ba ni haushi ƙwarai, don ban so a rage wa yaron ko ƙwayar laifi ɗaya ba. Na ce, “Baba, ku nemi wani tafinta. Ba zan tsaya gaban Allah in ce na yafe alhali ban yafe ba.”

Ya ce, “Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ni ma kada ka sa mini a baki abin da ban faɗa ba. Mutanen nan sun koma gida suna tsammanin fastonsu ya ce a bar wa Allah. In maganar ta yi maka nauyi, ka ce in ji ni. Ni zan ɗauka, kai ka miƙa.”

Haka aka yi. Lahadi ta gaba ya sake faɗa, na ce, “Mun yafe, in ji Fasto.” Aka daɗe ana wa'azi a kan gafara a watannin nan, a ƙarƙashin tamfol, cikin zafin Afirilu, ga baƙin bangon majami'a a gabanmu, kuma duk inda kalmar ta fito sai in liƙa mata wutsiyarta. Ku ƙaunaci magabtanku, in ji Fasto. Kada ku rama mugunta da mugunta, in ji Fasto. Wata rana uwar zumunta ta tare ni bayan sujada ta ce, “Malam, wannan ai in ji Yesu ne.” Matasa suka ɗauka, suna ya bi ni.

In an zo Addu'ar Ubangiji, akwai layin da nake rufe baki. Ran Jibin Ubangiji, wato cin gurasar tunawa da mutuwar Yesu, faranti yakan zo gabana in miƙa wa na kusa. Wani dattijo ya kai maganar taron dattawa, ya ce wanda ba ya cin Jibi bai kamata ya tsaya a mumbari ba, ko a sa ni ƙarƙashin horo ko a sauke ni. A bisa tsari yana da gaskiya, ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Baba Fasto ya ce musu a ba shi lokaci, wanda ya ƙi miƙa hannu don ya san zuciyarsa ya fi masa kwanciyar rai a kan wanda ya miƙa bai duba ba. Bai taɓa ambata ni a wa'azi ba, ko da habaici. Asabar dai yakan zo shago da littafinsa kamar da, mu bi wa'azin gobe, ya sha shayi ya tafi. Wani lokaci kafin ya tashi yakan dafa kafaɗata ya yi addu'a da Gurmanci, ban san me yake roƙa ba.

Uban yaron ya zo tun a satin farko, da dattawan Adarawa biyu. Ya cire hula, ya kwance ƙullin tsumma, jika talatin ne a ciki, kuɗin shayi na wata da watanni. Ya ce yaron ya gudu arewa, wurin haƙar zinariya a Jado, ko sallama bai yi wa uwarsa ba. Na mayar masa da kuɗinsa na ce, “Ba komai.” Ya dube ni, ya gane irin ba komai ɗin. Daga ranar na daina sayen shayi a teburinsa, nake zagayawa ta wani layi. A tokar ɗakin ɗinki na tono kan Butterfly ɗina, baƙi ƙirin, na ajiye shi a ƙarƙashin teburin yanka inda ƙafata take taɓa shi kullum. Na Littafin kuwa, guntun fata na samu, ya ƙanƙance kamar busasshen ganye.

A daminar 2016, mun riga mun koma ƙarƙashin sabon kwano, Baba Fasto ya tsaya a ƙofar shago bai kashe babur ba. Ya ce, “Hau ka raka ni duba mara lafiya, Hausarsu ta fi ƙarfina.” Wannan ba sabon abu ba ne, na raka shi ziyara ba adadi, asibiti da gidajen rasuwa da gidajen da miji da mata suka ƙi jituwa. Sai da ya karya kwana na gane inda muka nufa. Na ce, “Baba, ku sauke ni.” Ya ce, “Akwai taɓo a nan,” ya ci gaba da tafiya.

Yaron yana kwance a zaure a kan tabarma. Da ban san gidan ba da ban gane shi ba. Ƙasusuwan wuyansa a waje, leɓensa a bushe, ga gwangwanin tumatir a gefensa da yake tofa kaki. Uwarsa tana bayan labule. Baba Fasto ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya fara gaisuwa da Faransanci a hankali: ya jiki, yaushe tarin ya fara, yana zufa da dare? Ina juyawa, idona a kan bango.

Sai yaron ya yunƙura ya jingina. Bai dubi Fasto ba, ni ya duba. Ya ce, “Maigida, ni na gwada musu ɗakin. Cewa sunka yi in ban gwada ba ni ma kahiri ne, tunda wurin kahiri nike aiki. Tsoro na ji. Na gan ka bayan gawayi. Tun rannan ban yi kwana mai daɗi ba.”

Baba Fasto ya juyo gare ni yana jira. Na tabbata ya fahimci fiye da rabi, amma ya jira. Shi kuwa tafinta ba ya cewa “ya ce”, da bakin mai magana yake magana, haka na saba shekara da shekaru. Kafin in yi tunani na ji kaina ina cewa da Faransanci: ni ne na nuna musu ɗakin. Tsoro na ji. Tun ranar ban yi barci mai daɗi ba.

A nan na tsaya. Na ƙarshen nan ban san ko na wa nake faɗa ba. Na tuna ni ma a bayan buhu na ɓuya ranar, da shekaruna, ina kallo ana ƙona Littafin ubana ban ce uffan ba, shi kuma yana da goma sha takwas a tsakiyar masu gora da fetur. Na tuna ɗan yatsa ɗaya ya isa ya ɗaga a ranar. Tambayar da Baba ya yi mini a shago, wadda na ƙi amsawa wata goma sha takwas, ta dawo ta zauna mini a ƙirji.

Baba Fasto ya yi magana gajeriya. Ya ce shi ya yafe tun ranar Lahadin farko, ikilisiya ma ta yafe, babu wanda yake binsa komai. Na juya. Ban tuna daidai yadda na jera kalmomin ba. Na dai tuna uwarsa ta fashe da kuka a bayan labule, kuma hannuna yana kan kan yaron, ban san lokacin da na ɗora ba. Baba ya nemi izinin uban kafin ya yi addu'a, uban ya ce bismilla. Da ya gama ya ce gobe da safe za a kai shi a auna kakinsa, kada a tsaya ga jiƙe-jiƙe.

A hanyar komawa, muna kauce wa kududdufai, ya ɗan juyo da kai ya ce, “Ɗana, yau ban ji sunana ba.”

Tarin fuka ne aka samu. Wata shida yana shan magani, matan zumunta suna karɓa-karɓa wajen aika masa kunu da ƙwai, har da waɗanda kekunansu suka ƙone. Ɗaya daga cikinsu ta ce ita ba za ta aika ba, ba a matsa mata ba. Ni ma ba zan ce abin ya wanke tas a rana ɗaya ba. Akwai safiyar da nakan buɗe sabon Littafina, in ga babu alamun ɗan yatsan mahaifina a gefen shafi, zuciyata ta sake tafasa, sai in sake faɗar kalmar ni kaɗai a shago. Jibi kuwa sai a Kirsimetin shekarar na miƙa hannu. Baba ne ke riƙe da farantin, bai ko dube ni ba.

Yaron yana nan da addininsa, babu wanda ya ce masa ya sake. Yana da shagonsa yanzu a hayin kogi, da yara biyu masu koyo. Kafin ya tafi ya yi shekara guda a wurina. Wata rana yana shara ya jawo kan keken nan daga ƙarƙashin tebur, ya tsaya yana kallonsa, bai tambaye ni ba ya jiƙa shi a kananzir sati biyu, ya bi kasuwar Katako ya samo ƙafa da kwarkwaro na hannu. Yana juyawa. Shadda dai ba ya iya ta, tsallake yake yi, wuta ta taɓa shi a ciki. Amma yana ɗinka buhu da labule, shi muka mayar ɗakin gwauraye, a kansa sababbin zuwa suke fara koyon taka ƙafa.

Baba Fasto ya yi ritaya ya koma garinsu. Wanda ya gaje shi ɗan Maraɗi ne, da Hausa yake wa'azi, wani saurayi ke juya masa zuwa Faransanci. Ni na koma benci na uku daga gaba, kusa da taga. Wani lokaci in saurayin ya yi tuntuɓe da kalma sai ya leƙo wajena, in motsa masa baki daga inda nake zaune.